Kwanon da Na Mayar a Cike

Direban da ya ɗauko mu daga Malanville ya rantse da kabarin ubansa cewa har Djougou zai kai mu. Da muka iso tashar Parakou sai ya sauke ƙunshin kayana a ƙasa, ya ce motarsa nan ta tsaya. Na tuna masa rantsuwar da ya yi, ya ce ai ubansa yana nan da ransa. Na wanke shi tas a gaban yaran motarsa, sai dai zagi ba ya kai mutum gari. Lokacin ana ce wa ƙasar Dahomey, ba a daɗe da tafiyar Nasara ba. Ni kuwa daga wani ƙauye na gefen Ƙonni na fito, na gama takaba, gona ta koma hannun dangin mijina, abin da ya rage mini a duniya 'yata ce Saude, wadda ba ta fi shekara bakwai ba.

A tashar nan muka yini. Wata mata 'yar Bargu mai sayar da dafaffiyar doya ta daɗe tana kallonmu. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarenta. Can ta yanko doya ta barbaɗa gishiri ta miƙa wa Saude, sannan ta ja ni da hannu har gindin wata babbar mota mai zuwa Djougou, ta yi wa direban magana da faɗa-faɗa, ya bar mu muka hau bisa buhuna. Har yau ban san sunanta ba.

A Djougou, wanda mutanen wurin ke ce wa Zugu, gidan Alhaji Mamman aka kwatanta mini. Mahauci ne, yana kuma sayen shanu hannun Fulani. Kakanninsa fatake ne da suka zo daga arewa suka zauna, Hausarsu ta gauraye da Dandanci da Faransanci har sai na kasa kunne sosai kafin in gane. Uwarsa, Iya Delu, ita ke da rumfar abinci a bakin kara, inda ake cinikin shanu, kuma ita ce ke neman mai girki. Gajeriyar tsohuwa ce mai murya kamar ta mutum uku. Ta dubi hannuwana, ta sa na kirɓa sakwara turmi guda, ta ɗanɗana ta ce da saura amma zan iya. Ranar ta ba mu ɗaki.

Ba zan ci amanar gishiri ba, Iya ta riƙe mu da kyau. Kewar gida ce dai ta yi ta cina. Doya da safe, doya da rana, doya da dare, fura kuwa sai a mafarki. In na ji wani Ba'adare ya zo cin abinci yana magana irin ta wajenmu, sai in ƙara masa miya don kawai ya daɗe a zaune. Saude ce ba ta san ana kewa ba. Iya ta maishe ta jikarta, in an fasa ƙashi ita ake kira ta shanye ɓargo, in an soya kitse nata ne na farko. Gidan mahauta haka ake nuna wa yaro so. Cikin 'yan watanni yarinya ta yi kumatu, har ta fara mayar mini da magana da Dandanci.

Suna da wata al'ada a gidajen fawa na can, wadda na koya tun zuwana. In wani ya kwanta ciwo, kowane gida da aka yi yanka sai ya aiko da kwanon romon ƙashi, an kwarara masa man shanu har ya rufe fuska. Kwanon nan dole ya koma wayam. Wanda ya mayar da kwano a cike, ko bai buɗe baki ba, ya ce wa masu shi yana zargin sun zuba wani abu a ciki. Iya ta nuna mini gidaje biyu da suka yi shekara da shekaru ba sa gaisawa a kan haka. Na ji na ajiye, ban ɗauka zai taɓa shafata ba.

Ranar kasuwar Kolokondé mukan kwashi tukwane mu bi 'yan shanu can mu yi girki. Wata ranar kasuwa ina tsakiyar kwasar tuwo na ji ihun Saude. Ta je shafa wani maraƙi da aka ɗaure, ya harbe ta a saman ciki, daidai ƙasan ƙirji. Na ɗaga rigarta, ba jini, ba ko ƙwarzane. Ta yi kukanta ta share hawaye, Fulani suka yi ta tsokanarta wai maraƙin ya ƙi sadakinta. Ni ma na yi dariya, na koma bakin murhu.

Washegari ta ƙi cin abinci. Zuwa jibi amai ya fara, ba ya tsayawa. Ta ce cikinta ne ke ciwo, ciwon kuma yana ratsawa har gadon baya. Ba ta iya kwanciya rigingine, sai ta zauna ta haɗa gwiwa da ƙirji ta duƙa gaba, a haka kawai take samun numfashi. Iya ta ce jinya sai da ƙarfin jiki, ta sa aka dafa romo. Yarinya ta kurɓa don Iya ta ce, kafin a ɗauke kwano ta fara birgima a tabarma. Aka ce ciwon ne ke faɗa da magani, a ƙara mata. Kwanuka suka fara shigowa daga maƙwabta.

Na goya ta, ƙafafunta na reto, na kai ta ɗakin shan magani na garin. Malamin asibitin ya ce tsutsar ciki ce, ya ba da magani. Da muka koma ya ce ko zazzaɓin sauro ne, ya yi allura. Zuwanmu na uku ya danna saman cikinta a hankali, ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Nan ya gaya mini gaskiya, cewa wannan ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa, in ina son 'yata in kama hanyar Parakou yau ba gobe ba. Na gode masa da wannan gaskiyar fiye da maganinsa.

Alhaji Mamman ya sa mu a motar da ke kai shanu Parakou. Gaba ya cika, don haka a baya muka zauna, a wani ɗan lungu da aka kare da katako, shanu na huci a wuyanmu. Hanyar jar ƙasa ce mai tudu da kwari kamar bayan kada. Duk ramin da mota ta faɗa sai Saude ta cije zanina. Tun tana kuka har ta daina, wannan shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Leɓenta ya bushe ya tsage, idanunta suka faɗa. A wani shinge jandarmomi suka tsare mu suna jayayya da direba kan takardun shanu, rana na dukanmu. Na sauko da yarinya a hannu na tsaya gaban babbansu, ban san Faransanci ba, na dai buɗe masa fuskarta. Ya duba, ya ɗaga hannu aka janye itacen shingen.

A babban asibitin Parakou Allah ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya, Madam Hawa, haifaffiyar Zongo, unguwar Hausawan garin, ita ta zama bakina da kunnena. Likitan saurayi ne daga kudu, siriri, ba ya murmushi. Ya yi ta tambaya tana fassarawa: ko yarinya ta yi hangum kwanan nan, ko ta taɓa amayo tsutsa, ko idonta ya taɓa yin rawaya, ko ta faɗo daga itace. Duk na ce a'a. Sai da ya ce ko wani abu ya buge ta a ciki sannan na tuna da maraƙi. Ya ajiye abin rubutunsa ya sa na nuna masa daidai wurin da yatsa.

Aka ɗebi jininta da fitsarinta, aka kai ta ɗakin hoto. Madam Hawa ta ce mini abin da suke tsoro kada hanji ya huje, in ya huje sai an tsaga ciki nan take. Na zauna a dandamalin siminti ina kallon ƙofar ɗakin tiyata, duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe tsaye. Ban san kowa ba, ba wanda zan ce wa ya taya ni addu'a. Na yi tsoro ranar irin wanda ban yi ba ko ranar da mijina ya cika.

Da la'asar likita ya dawo. Hanji bai huje ba. Ya ce akwai wata doguwar tsoka mai taushi kwance a bayan tumbi, su suna ce mata pankireyas, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da nama da kitse. Kofaton maraƙi ya matse ta da ƙashin baya, ta kumbura, ruwan nan yana tsiyaya inda bai kamata ba, yana cin ita kanta tsokar. Abin ya nuna a jini da fitsari. Na gane tsokar da yake nufi, sau nawa na yanka irinta cikin kayan ciki na jefa a tukunya ban ko tambayi sunanta ba. Ya ce duk lomar da ta shiga cikin yarinya tana tayar da tsokar nan ta ƙara zubo da ruwa, kitse kuwa shi ne mafi muni. Na tuna romon da muka yi ta ɗura mata.

Na tambayi magani. Madam Hawa ta dube ni ta ce, "Maganin shi ne yunwa, Rabi. Ba ci, ba sha, ko ruwa. Za mu sa mata ruwa ta jijiya, mu yi mata allurar ciwo. Sauran aikin naki ne, ke za ki tsare bakinta."

Ni da abinci ne sana'ata, ni aka sa gadin yunwa. Aka zura mata roba ta hanci har ciki tana janyo wani ruwa kore-kore, aka rataye kwalba a kanta tana ɗiga. Abin da aka yardar mini kawai in jiƙa tsumma in shafa mata a leɓe, shi ma sai na riƙe da ƙarfi don tana neman tsotsewa. Da allura ta fara aiki ciwo ya ɗan lafa, sai yunwa da ƙishirwa suka taso. Ta roƙe ni da Hausa, ta roƙe ni da Dandanci. Ta ce in ba ta ruwa ko cikin murfin kwalba, ba za ta gaya wa lokotoro, wato likita, ba. Nakan juya mata baya in yi kamar ina gyara kaya.

Labari kuwa ya riga ya bi motar shanu ya shiga Zongo, inda dangin Alhaji Mamman suke da gidajen fawa. Mutanen kirki ne, ba su san ni ba amma suka ɗauke ni tasu. Kwanuka suka fara zuwa. Na yi wa matan bayani, suka ce to, Allah ya sawwaƙe, gobe kuma kwano ya dawo da man shanu fiye da na jiya. A ganinsu Nasara da almajiransu ba su san jinyar baƙin mutum ba. Sai na samo dabara: in tare kwano tun a bakin ƙofa, in rabar wa masu jinyar wasu ɗakuna, in wanke in mayar wayam. Kowa ya ji daɗi, masu karaya da masu jego suka yi ta sa mini albarka. Amma sau biyu ina kama wata baƙuwa ta lallaɓo ɗakin da ɗan abu a gefen zane, don tausayi. Na daina zuwa ko bayan gida sai Madam Hawa na kusa.

Wata rana da hantsi na fita famfo wanke zanin Saude. Ina dawowa tun daga baranda na ji ƙanshin ɓargo. Na shiga da gudu. Iya Delu ce zaune a bakin gado, ta biyo mota tun daga Zugu da tsufanta, matan Zongo sun kewaye ta. Ta tallafo kan Saude a cinyarta, kwano a buɗe, cokali ya kusa leɓe, yarinya ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannun tsohuwar ba.

"Sakar mini hannu, Rabi."

"Iya, lokotoro ya hana. Ko ruwa ba ta sha."

"Lokotoro ne ya haife ta? Dubi ɗiya ta koma ƙashi da fata. A ina kika taɓa jin yunwa ta warkar da mutum?"

Na durƙusa, hannunta na cikin nawa, na yi mata bayanin tsokar nan yadda aka yi mini. Ta ce ta fi shekara hamsin tana wanke kayan ciki, ba ta taɓa ganin naman da ke cin kansa ba. Ta ce nan za ta zauna, ta kama masauki a Zongo, kullum za ta zo har sai jikarta ta tashi da ƙafarta. Matan suka ce gaskiyar Iya. Sannan Saude ta ɗago ido ta ce, "Inna, kurɓi ɗaya."

A nan na gane dabarata ta ƙare. In na karɓi kwanon nan da ladabi na ajiye, gobe wani zai zo, kuma ba zan iya tsare ƙofa har abada ba, wata rana barci ko bayan gida zai ɗauke ni. Abu ɗaya ne kawai zai tsayar da kwanuka, na kuma san shi sarai. Na zare cokalin daga hannun Iya, na rufe kwanon da murfinsa, na ɗora mata a cinya a gaban kowa.

Iya ta dubi kwano, ta dube ni.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Iya."

"Ni, Delu, zan zuba wa jikata wani abu?"

"Ba ki zuba komai ba. Amma ki koma da shi, kada kuma kowa ya ƙara kawowa."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zame kan Saude daga cinyarta a hankali, ta gyara mata matashi, ta ɗauki kwanonta da hannu biyu ta fita, matan suka bi ta. Na ga romo na zuba ta gefen murfi. Saude ta yi ta kiran Iya har muryarta ta dishe, sannan ta juya fuska ga bango.

Daga ranar kwano bai sake zuwa ba, gaisuwa ma ba ta sake zuwa ba. Na koma baƙuwa kamar ranar da aka sauke ni a tasha. Wata mata daga ƙauyukan Zugu, mai jinyar ɗanta da ya karye, ita ta lura ba na cin komai. Takan yafuto ni bayan ɗaki ta gutsura mini tuwon masararta, in ci a ɓoye in kurkure baki kafin in koma, kada yarinya ta ji ƙanshi. Saude kuwa ta daina yi mini magana. In na zo shafa mata tsumma sai ta datse leɓe.

Kamar abin bai isa ba, zazzaɓi ya taso mata. Likita ya taɓa cikin ya ce yana jin wani kumburi, mai yiwuwa ruwan ne ya taru wuri ɗaya, in ya ci gaba da girma sai an tsaga. Kullum da safe yakan zo ya danna ya wuce. Shaiɗan ya zauna a kunnena yana cewa na kori mutanen da suka rufa mini asiri, na kashe 'yata da yunwa a kan maganar yaron likitan nan da ko sunansa ban iya faɗa ba. Wata rana har na ɗebo ruwa a moɗa na tsaya da shi a bakin gado. Na daɗe a tsaye, sannan na fita na zuba wa wata bishiya.

Sauƙi bai zo da ganga ba. Zazzaɓi ya sauka, ruwan da roba ke janyowa ya ragu, wata safiya na tarar da ita kwance rigingine ta miƙe ƙafafu tana barci, abin da ba ta yi ba tun Kolokondé. Aka sake ɗibar jini. Likita ya danna ciki, ba ta yi ƙara ba, kumburin ya tsaya bai ƙaru ba. Ya sa aka zare robar, ya ce a gwada ruwa kaɗan, in ya zauna a bi da ruwan shinkafa tsararo, ba mai, ba nono, ba nama, haka za a yi ta lallaɓawa har watanni. Ina da jika mai aikin jinya a yau, ta ce mini yanzu ba a jan hanin abinci kamar da, amma kitse dai har gobe ba a ba mai irin wannan ciwo.

Ni na dafa ruwan shinkafar da kaina, a murhun masu jinya. Na kawo na zauna, na ɗebo a cokali na hura, na ce Saude ga abinci. Ta dubi cokalin, yunwa na cin ta har ina ganin maƙoshinta na motsi, ta dube ni, ta kau da kai. Na lallashe ta, na roƙe ta, ta ƙi. Madam Hawa ta karɓi cokalin daga hannuna ta miƙa, nan take yarinya ta buɗe baki. Na koma bakin ƙofa na tsaya ina kallo. Ta haɗiye, muka jira, bai dawo ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah, rabi na murna, rabi na baƙin ciki.

Zugu ban koma ba. Kafin a sallame mu ƙunshin kayana ya iso a motar shanu, an ɗaure shi tsaf, ba abin da ya ɓata, ba kuma saƙo. Madam Hawa ta samo mini ɗaki a unguwar Banikanni, nan cikin Parakou, na fara sayar da koko a bakin hanya, ina yi wa Saude tukunyarta daban. Na aika wa Iya gaisuwa ta bakin mutane ba sau ɗaya ba, ba ta amsa ba har ta rasu. Wannan ya yi mini ciwo, don na ƙaunaci tsohuwar nan, kuma na san da zuciya ɗaya ta zo.

Saude yau tana da jikoki. In hira ta kawo Parakou takan ba su labari cewa tana ƙarama ta yi ciwo, wata tsohuwa mai kirki ta taso tun daga Zugu ta kawo mata romo, uwarta mai zafin rai ta kore ta. Yara su juyo su dube ni, su ce ashe Kaka tun da can haka take. Ban taɓa gyara mata labarin ba. Nakan zauna in saurara har ta kai ƙarshe, don sai mai rai yake ba da labari.